Katin da Reino Ya Ƙi Fitarwa

A garinmu Pelto, can arewacin Michigan, idan aka wayi gari da dusar ƙanƙara aka ce hanya ta buɗe, to ana nufin Reino Halonen ya wuce. Shi ke tuƙa motar share ƙanƙara ta ƙaramar hukuma, ƙatuwar nan mai ruwan lemo, tun gashinsa na baƙi har ya koma fari fat. Kafin motar 'yan makaranta ta fito ya riga ya bi titin coci, ya gangara bakin tafki, ya zaga ta gonakin dankali ya dawo. Duk tsawon aikinsa bai taɓa ture wa kowa akwatin wasiƙa ba sai na Gordy Maki, shi ma kowa ya san da gangan ne, don tun suna yara suke wannan tsiyar a tsakaninsu.

Mutum ne marar magana. Mu jikokin 'yan Finland duk haka muke, amma na Reino ya yi yawa. Gaisuwarsa ɗaga yatsa ɗaya ne daga kan sitiyari, in ka ga ya ɗaga biyu to ranar yana cikin nishaɗi. Matarsa Darlene, Allah ya jiƙanta, takan ce ta aure shi ne don ta gaji da hayaniyar gidansu, sai ga shi an ba ta shiru fiye da wanda ta roƙa.

Albashin aikin nasa ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma inshorar lafiyar da ke tare da aikin kam, rabin garin na ƙyashinta. Lokacin da ciwon daji ya kama Darlene, ɗan katin nan da ke cikin walat ɗinsa shi ya ɗauki nauyin asibiti tun daga farko har ranar da aka rufe mata ido, ba su sayar da ko cokali ba. Da aka yi masa aiki a gwiwa, katin ne. Da ɗansa Troy ya karya hannu, katin ne. Ya taɓa cewa ba don albashi yake tashi da asuba ba, don katin ne, kuma wannan na cikin dogayen jawabansa. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauka bai san darajar abin da ke aljihunsa ba.

Abu ɗaya ne ya fi katin daraja a wurinsa, wato bindigar gidansu. Kakansa ya saye ta da gumin haƙar tagulla, kuma a gidan Halonen akwai al'ada: ranar da yaro ya harbi barewarsa ta farko da ita, sai a gasa ƙusa a murhu a ƙona harafin farko na sunansa a jikin katakon gindinta. Na kakan ne a sama, sai na uban, sai na Reino, sai na Troy a ƙasa. A nan garin tsakiyar Nuwamba ta fi Kirsimeti. Ranar buɗe farauta makaranta kan zama fayau, yawancin shaguna a rufe, maza su kwashi barguna da giya da burodin nama su tafi bukkokinsu na daji. Mata ba sa zuwa. Ba wanda ya taɓa rubuta dokar, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Kristi, 'yar Reino, wadda ta girmi Troy, kowace shekara takan zura ƙafafunta cikin manyan takalman ubanta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon su suna loda mota. Bai taɓa ce mata zo ba, bai kuma taɓa ce mata koma ciki ba.

Troy ya rasu ne a ƙarshen sanyi, lokacin da ƙanƙarar tafki ta fara laushi. Ya hau babur ɗin ƙanƙara zai je ya janyo ɗan akurkin da yake kamun kifi a ciki, ƙanƙarar ta tsage da shi. Abin da babu wanda ya sani a lokacin shi ne, da safiyar ranar Reino ya wuce ta bakin tafkin a motarsa, ya ga ƙanƙarar ta yi duhu, kuma ya san abin da duhun ke nufi. Ya ciro waya zai kira yaron. Sai ya ce a ransa ai Troy magidanci ne, a bakin tafkin nan ya girma, ya san komai, in na kira shi ma zai ce na mai da shi yaro. Ya mayar da wayar aljihu.

Bai yi kuka ba a coci, bai yi ba a maƙabarta. Washegari ya koma aiki, mutane suna ta yabon dauriyarsa. Mu kam a nan mun iya yabon mutum har mu yabe shi ya shiga rami. Kristi ce kaɗai ta lura da hayaƙi. A Pelto kowane gida na da ɗan ɗakin wankan tururi a bayansa, kuma ranar Asabar da yamma kowane bututu sai ya yi hayaƙi. Reino bai taɓa fashi ba, ko makon da aka binne Darlene sai da ya hura. Amma Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, bututunsa a sanyaye. Ta shiga gidan ta tarar da abincin da matan coci suka kawo a jere cikin firji, ba a ko buɗe ba.

Kristi ba ta gaji shirun uban ba, bakin uwarta ta ɗauko. Ta yi ta buga waya a lokacin hutunta na aiki a gidan burodi, tana neman ƙwararren da ya san aikin masu ciwon damuwa kuma yake karɓar irin inshorarsu. Wannan ya ce ba ya karɓa, wancan ya ce layi sai baɗi. Da ƙyar ta samu wata mata, Noreen Tessier, a babban garin da ke kudu da mu, tafiyar kusan awa guda. Sai ta zo ta tsaya a kan ubanta yana gyaran zartonsa mai inji.

"Baba, na binne Mama, na binne Troy. Ba ni da ƙarfin na uku. Ranar Talata za ka je."

Bai ɗago ba. Amma ya ji, kuma ya san ba roƙo take yi ba.

To ga inda Gordy ya shigo. Akwai tebur a gidan man garin inda tsofaffi ke zama da safe suna shan gahawa suna gyara duniya, Gordy ne limamin teburin. Bai san komai game da Talatar Reino ba, hira ce kawai ta kawo. Ya ce ai yanzu mutum ya kuskura ya je wurin likitocin ƙwaƙwalwar nan ya miƙa katin inshora, to shi ke nan, sunansa ya shiga kwamfuta, daga kamfani sai gwamnati, kafin ka ce me 'yan sanda sun ƙwanƙwasa ƙofa sun kwashe bindigoginka. Ya rantse ya san wanda aka yi wa haka can kudu, mutumin kirki, bai yi komai ba sai cewa da ya yi ba ya iya barci. Teburin ya ɗauki salati, kowa na ƙara nasa gishirin. Reino na gefe yana juya cokali a kofi. Bai tambayi kowa ba, don tambaya ai magana ce.

Ranar Talata ya je, don ya yi wa Kristi alkawari da shirunsa. Ofishin Noreen ɗan ɗaki ne a saman shagon sayar da takalma, kujeru biyu da tukunyar fure. Ita kuwa mace ce gajeriya mai furfura, tabarau rataye a wuya. Ta nemi katin don ta cike takarda, ya ce babu. Ta kalli tambarin ƙaramar hukuma da ke ƙirjin rigarsa, ta ce ta san ma'aikatansu na da inshora mai kyau, kuma tana karɓa. Ya zaro kuɗi a nannaɗe ya ajiye a gefen tukunyar furen.

Ba ta matsa masa ba. Ta yi masa bayani kamar yadda take yi wa kowa, cewa in da kati ne kamfani zai biya kusan duka, amma dole ta rubuta musu sunan ciwo, don ba sa biyan kuɗin baƙin ciki sai an raɗa masa suna, kuma sunan zai zauna a takardunsa na asibiti. In da kuɗin aljihu ne, abin da suka tattauna ya tsaya a ɗakin, sai dai aljihu zai ji jiki. Ta ce akwai masu zaɓar wannan, akwai masu zaɓar wancan, kowa da dalilinsa. Ita ta ɗauka kunyar abokan aiki yake ji. Shi kuwa daga duk bayanin abu ɗaya ya shiga kunnensa, cewa dole a rubuta suna, sai ya ce a ransa ashe dai Gordy ya san abin da yake faɗa.

Makonnin farko hirar titi suka yi. Ya ba ta labarin gishirin da ake zubawa a kwalta, da yadda ake gane inda bakin hanya yake in komai ya yi fari, da gidajen da yake share wa ƙofa a ɓoye don masu gidan sun tsufa. Ta saurare shi kamar za ta nemi aikin. Sai da ganye ya fito, aka fara shuka dankali, sannan wata rana ya gaya mata maganar wayar da ya mayar aljihu. Bai taɓa gaya wa wani mahaluki ba. Ya faɗa yana kallon tukunyar fure, ya gama, ya jira ta ce masa ba laifinsa ba ne kamar yadda fasto zai ce. Ba ta ce ba. Ta tambaye shi me zai ce wa Troy da ya kira. Ya buɗe baki ya ce zai ce masa kar ka hau, sai ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba. Asabar ɗin makon bututunsa ya yi hayaƙi, Kristi ta gani daga titi ta tsaya a gefen hanya ta share hawaye.

Amma zuwa wurin Noreen kowane mako ba aikin albashin mai share titi ba ne. Ya koma daji da zarto bayan an tashi aiki, yana sara yana faskare yana sayar wa masu gidajen hutu na bakin tafki. Kuɗin da yake ajiye mata har ƙamshin man zarto suke yi. Gordy ya gan shi da a-kori-kura cike da itace ya ce, "Kai tsohon banza, amarya za ka yi ne, ko gwamnati ta daina biyanku?" Reino ya ɗaga masa yatsa ɗaya ya wuce. Da bayansa ya fara ciwo sai ya sayar da kwalekwalen da suke fita kamun kifi da Troy, ya ce wa Kristi ganinsa ne ba ya so. Ita duk a zatonta katin ke biya. Daga nan sai ya fara ja da baya, daga kowane mako zuwa bayan mako biyu, daga nan zuwa sau ɗaya a wata. Kuma abin haushin, daidai lokacin da ganye ya fara ja, aka fara jin ƙarar masu gwada bindigogi a bayan gari, lokacin da ya fi bukatar ɗakin nan, shi ne lokacin da ya fi ƙarancin zuwa.

Noreen ta ga ramar da ya yi, ta ga rigar da bai canza ba. A ƙarshen Oktoba ta tambaye shi kai tsaye me ya sa yake wahalar da kansa alhali katin na aljihunsa. Ya kalli tukunyar furen. Sannan ya gaya mata abin da Gordy ya ce, da kakansa, da ƙusar da ake gasawa.

Ta cire tabarau ta ajiye.

"Mista Halonen, da tun ranar farko ka gaya mini. Katin nan ba ya ƙwace wa kowa bindiga. Kamfani yake zuwa don su biya ni, ba ofishin 'yan sanda ba. Laifina ne da ban tambaye ka dalili ba."

Ya ji kamar an zare masa kujera. Kwalekwalen ya faɗo masa a rai, da bayansa, da duk itacen da ya sare. Amma ba ta gama ba. Ta tambaye shi ina bindigar take yanzu. Ya ce tana gida. Ta ce ina a gidan. A da tana cikin kabad a kulle, shekara da shekaru can take zama sai Nuwamba. Ya ce ya fito da ita don ya goge. Ta ce tun yaushe. Ya ce tun ƙarshen bazara, tana jingine a bayan ƙofar kicin. Sai ta tambaye shi abin da ba a tambaya a Pelto, ko ya taɓa jin yana so ya bi Troy.

Ya sunkuyar da kai.

"To bari in gaya maka gaskiya, don ba na so ka sake biyan kuɗi a kan abin da ba haka yake ba. Ko da kati ka biya ni ko da kuɗin hannu, ranar da na ga ranka na cikin haɗari zan yi magana. Kuɗinka bai sayi wannan shirun ba, ba na sayar da shi. Abin da nake roƙonka, ka ba wani amintacce ajiyar bindigar nan na ɗan lokaci. Kai da hannunka, ba wani ya zo ya karɓa ba."

Ransa ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi ba. Wata da watanni yana karya bayansa don kada a taɓa bindigar nan, ga shi matar da yake biya ita ce ke cewa ya rabu da ita, ana saura kwanaki a buɗe farauta. Ya miƙe ya ajiye kuɗin a inda ya saba, ya ce ashe duk hanyar ɗaya ce. Ta bi shi har bakin matakala ta ce za ta riƙa kiransa, kuma ranar da bai ɗauka ba Kristi za ta kira. Ya san za ta aikata. Saboda haka duk lokacin da wayar ta yi ƙara yakan ɗauka ya ce yana nan, ya kashe. Bai koma ba.

Ranar jajiberin farauta ya tafi bukka kamar kowace shekara. Bukkar ta gidan Halonen da gidan Maki ce tun zamanin iyayensu, gadaje hawa biyu, murhun ƙarfe a tsakiya, ƙahonin barewa a kan ƙofa. Gordy na soya albasa yana ba da labaran da kowa ya haddace. Gadon Troy na sama babu wanda ya hau, babu kuma wanda ya ambace shi, sai jakunkuna aka jibga a kai don kada a ga shi a wofi.

Da gari ya fara haske kowa ya kama hanyar maɓoyarsa, ɗan akurkin katakon da maharbi ke zama ciki yana jiran barewa. Reino ya wuce tasa bai tsaya ba, ya nufi ta Troy a gefen fadama. Ciki yana nan yadda yaron ya bar shi bara. Bokitin da yake zama a kai, takardun alewa a tsakanin katakai, safar hannu ɗaya da ɓeraye suka ci yatsunta. Ya zauna a kan bokitin ya ɗora bindigar a cinya.

Rana ta ɗaga. Can nesa aka fara jin harbi. Bai san tsawon zaman da ya yi ba, sai ƙarar karyewar reshe ya ji, ya ɗago. Namijin barewa ne a bakin fadama, ƙato, irin wanda mutum kan yi shekaru yana ba da labarinsa, ya juya gefe yana shaƙar iska. Ko yaro ba zai kuskure shi ba. Reino ya kalle shi, hannunsa bai motsa ba. A nan ne ya gane tun da ya zauna bai ko leƙa daji ba sau ɗaya, bai duba iska ba, bai saurari komai ba. Ba barewa ta kawo shi ba. Ya san abin da ya kawo shi, ya san ya daɗe da sani, kuma tsoro ya kama shi, tsoron kansa.

Babban yatsansa na kan katakon gindin bindigar, yana bin haruffan kamar yadda ya saba. Na kaka, na uba, nasa, na Troy. Ƙasan na Troy katakon sumul yake, ba a ƙona komai ba. Sai ya hango Kristi a zuciyarsa, yarinyar nan a bakin ƙofa cikin manyan takalma, ya ji muryarta tana cewa ba ta da ƙarfin na uku. An taɓa ba shi damar yin magana a bakin tafki ya mayar da waya aljihu. Barewar ta kaɗa wutsiya ta shige cikin itatuwa. Ya zare harsasan ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihun riga, ya fito.

Gordy ya dawo bukka ɗaukar gahawa ya tarar da shi yana sa bindiga a mota. Barin daji da hantsi ranar buɗe farauta abu ne da ba a taɓa gani ba, sai in an yi mutuwa. Ya fara tsiyarsa, wai sanyi ya kori tsoho. Reino ya juyo.

"Gordy, mutumin nan naka na kudu da aka kwashe wa bindigogi, ya sunansa?"

Gordy ya sosa ƙeya. Ya ce shi dai a wajen surukin ƙaninsa ya ji, shi ma kamar wani ne ya gaya masa a wurin aiki.

"Na sayar da kwalekwalena saboda shi."

Ya kamo hannun Gordy ya juye masa harsasan a tafi. Gordy ya kalli harsasan, ya kalli fuskar abokinsa. Ya ce bari ya raka shi. Reino ya ce a'a, amma ya ciro wayarsa ya kira Kristi ya ce mata yana tafe.

Tana tsaye a bakin ƙofar gidanta lokacin da ya iso, da rigar gidan burodi, garin fulawa a hannunta. Ta ga ya fito da bindigar cikin jakarta ta fata, ya hau matakala, ya miƙa mata da hannu biyu. Fuskarta ta yi wani haske na ɗan lokaci, irin na yarinya, don duk rayuwarta wannan take jira. Sannan ta kalli idonsa, hasken ya tafi.

"Ajiya ce. Ki kulle ta inda ban sani ba. In na zo na nema kar ki ba ni, ko na yi faɗa, ko na yi kuka. Sai matar nan ta ce."

Ta karɓa. Ta rungume bindigar a ƙirji, garin hannunta ya ɓata jakar.

"Tun ina ƙarama nake so ka miƙo mini ita, Baba. Ban taɓa so ta wannan hanyar ba."

"Na sani. Ina ganinki a ƙofa."

Wannan ce ta karya ta, don ta ɗauka bai taɓa lura ba. Suka tsaya a nan cikin sanyi suna kuka, motoci na wucewa da barewa ɗaure a baya, ba su damu da wa ya gani ba. Daga baya ta shiga ciki da bindigar, ya ji ta hau sama, ya ji an buɗe wata ƙofa an rufe, bai bi da kunne ya gane wacce ba. Da ta sauko ya gaya mata komai, da itacen, da kwalekwalen, da Gordy, da wayar da ya mayar aljihu. Ta zage shi tas a kan katin, ta ce wannan taurin kan ko jaki sai haka, tana zagin tana zuba masa miya. Ya cinye ya nemi ƙari.

Ranar Talata ita ta tuƙa shi. Ya hau matakalar shagon takalma a hankali saboda bayansa, ya zauna, ya zaro walat. A gefen tukunyar fure, inda ya saba ajiye kuɗi masu ƙamshin man zarto, ya ajiye katin. Ya ce wa Noreen bindigar na wurin Kristi, kuma yana so ya dawo kowane mako. Ta ɗauki katin ta juya shi, ta tuna masa cewa dole ta rubuta sunan ciwo, ta ce in yana so za ta gaya masa sunan kafin ta rubuta.

"Ki rubuta musu duk abin da suke kiransa. Ni na san sunansa, ni na raɗa masa ranar da aka haife shi."

Har yau Reino na share mana hanya. Shekarar da ta biyo baya ya je bukka ba bindiga, shi ya karɓi soya albasa daga hannun Gordy, wanda ya rage wa'azi a teburin gidan mai, ko da yake bai daina ba. Bindigar na gidan Kristi. Noreen ta daɗe da cewa za a iya mayar masa, bai nema ba. Nuwambar da ta wuce an ga motarsa ta tsaya a ƙofar 'yarsa da asuba, ta fito sanye da takalman da suka yi mata daidai, jakar fatar a kafaɗarta, shi kuma yana riƙe da fulas ɗin gahawa. Ba su samu barewa ba a bana. Amma akwai ƙusa guda da ya ajiye a kan tagar bukka kusa da murhu, ya ce kada wanda ya taɓa ta.